Nutso da tukunyar iska: wane irin iya ruwa ake bukata kafin a ba mutum takardar farko?

Nijar dai ba ta da teku, amma ƴaƴanta da yawa a bakin teku suke zaune: Kwatano, Lome, Akara, Abijan, Dakar, Jidda, Bur Sudan. A irin waɗannan garuruwa ne matashi kan ga mutane sun goya tukunyar iska a baya, sun sa gilashi a fuska, sun faɗa ruwa sun ɓace rabin awa ko fiye, sannan su fito lafiya lau. Daga nan sai tambaya ta taso: shin sai mutum ya iya ruwa kafin a koya masa wannan nutso? In kuwa sai ya iya, to wane irin iyawa?

Amsar a taƙaice ita ce e, sai ya iya. Manyan makarantun nutso ba sa ba da takardar farko sai ɗalibi ya yi iyon kusan mita 200 ba tsayawa, kuma ya riƙe kansa a saman ruwa na minti 10 ba tare da ya dafa komai ba. Sai dai akwai mutum biyu da suka fi shiga haɗari a wannan harka. Na farko shi ne wanda bai iya ruwa ba, yana ganin kayan za su ɗauke shi. Na biyu shi ne gwanin kogi, wanda yake ganin ba abin da ya rage a koya masa. Dukansu biyu muke wa wannan bayani.

Mene ne nutso da tukunyar iska?

Masu Turanci na kiransa sukuba, a ƙasashen renon Faransa kuma za ku ga an rubuta plongée a allon makarantun. Ma'anarsa mutum ya shiga ƙarƙashin ruwa ɗauke da iskar da zai shaƙa, ba tare da wani bututu ya haɗa shi da sama ba. Na'urar da ta sa abin ya yaɗu a duniya, Faransawa biyu ne suka ƙera ta a 1943: Jacques-Yves Cousteau, sojan ruwa, da Émile Gagnan, injiniya.

Kayan ba su da yawa. Akwai tukunyar ƙarfe ko ta alminiyom da ake matsa iska a ciki. Akwai na'urar da ke rage ƙarfin iskar ta kawo ta baki daidai yadda huhu zai iya ɗauka. Akwai riga mai kama da falmaran da ake hura wa iska ko a sace ta, don mutum ya taso ko ya yi ƙasa. Sai gilashin fuska, da takalman iyo masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da dalmar da ake ɗaurawa a ƙugu don ƙara nauyi, da agogon da ke nuna zurfi da sauran iskar da ta rage.

Mutane da yawa na zaton oksijin irin na asibiti ne a cikin tukunyar. Ba haka ba ne. Iskar da muke shaƙa ce ta kullum, kashi 21 cikin 100 oksijin, kusan kashi 78 kuma naitirojin, aka tace ta, aka busar da ita, aka matse.

Su wa ke ba da takardar?

Kamar yadda ba a ba mutum mota ya hau titi sai da permi, haka mai shagon nutso na ƙwarai ba ya cika maka tukunya ko ya ba ka hayar kaya sai ka nuna takardar shaida. Ƙungiyoyi ne ke ba da ita ta hannun malaman da suka tantance.

Wadda ta fi yaɗuwa ita ce PADI, da aka kafa a Amurka a 1966. Akwai SSI, ita ma ta Amurka, tun 1970. Akwai CMAS, haɗaɗɗiyar ƙungiyar ƙasashe da aka kafa a Monako a 1959, Cousteau ne shugabanta na farko. A Faransa kuma FFESSM ce babba, tsarinta ne za ku fi cin karo da shi a wuraren da ake Faransanci.

Takardar farko ta PADI na ba mutum damar nutso har zurfin mita 18 tare da abokin tafiya. Matakin farko na tsarin Faransa kuwa mita 20 ne, amma sai da jagora ƙwararre a gaba. A PADI ana karɓar yaro daga shekara 10, sai dai ɗan shekara 10 ko 11 ba ya wuce mita 12, kuma sai da mahaifinsa mai takarda ko malami. Cikakkiyar takardar manya daga shekara 15 take farawa.

Jarrabawar iyo: abin da za a ce ka yi

A tsarin PADI abu biyu ne.

Na ɗaya, iyon mita 200 ba tsayawa, ba taɓa ƙasa, ba wani abin taimako. In ɗalibi ya fi so, zai iya zaɓar mita 300 da gilashin fuska da takalman iyo da bututun shaƙa. Ba a duba agogo, ba a kuma duba salo. Ko rigingine ka yi, ko na kwaɗo, ko irin wanda ka koya a tafkin garinku, duk ɗaya ne, muddin ka kai ƙarshe ba ka tsaya ba.

Na biyu, tsayawa a saman ruwa mai zurfin da ƙafa ba ta kai ƙasa, na minti 10. Kana iya kwanciya rigingine ka bar ruwa ya ɗauke ka, kana iya motsa hannu da ƙafa a hankali. Abin da aka hana shi ne riƙe bango ko igiya ko wani abu mai tasowa.

Don ku auna da ido: mita 200 ya kusa tsawon filin ƙwallo sau biyu. A pisin mai tsawon mita 25, wato tafkin iyo na siminti irin na otel, tafiya 8 kenan daga wannan bango zuwa wancan. Mita 300 kuma tafiya 12. Sauran ƙungiyoyin suna da ɗan bambanci a lissafi, wata ta rage kaɗan, wata ta ƙara iyo a ƙarƙashin ruwa da numfashi ɗaya, amma manufar ba ta canzawa. Don haka ku tambayi makarantar ainihin abin da take nema kafin ku biya kuɗi.

Wannan jarrabawa ba gasar gudu ba ce. Abin da malami ke kallo shi ne natsuwa: numfashinka daidai yake? In ruwa ya shiga hanci ko baki, kana tari ka ci gaba ko kuwa ka kiɗime? Mai naƙasa a ƙafa ko hannu ma na iya cin ta da salon da ya dace da jikinsa, kuma akwai masu naƙasa da dama da ke da takardar nutso.

Tunda akwai rigar iska, me ya kawo iyo?

Wannan ita ce hujjar wanda bai iya ruwa ba, kuma a baki tana da daɗin ji. Gaskiya ne rigar na tasar da mutum, tukunyar kuma na ba shi numfashi. To amma kowane nutso a saman ruwa yake farawa, a saman ruwa yake ƙarewa. Mutum na iya fitowa ya tarar igiyar ruwa ta ja shi nesa da jirgi. Riga na iya yoyo. Takalmi ɗaya na iya zamewa. Mutum na iya faɗawa daga jirgi tun bai sa kaya ba. A irin wannan lokaci, abin da ke jikinka na iyawa shi ne naka.

Dalili na biyu ya fi na farko nauyi: firgita. Wanda bai saba da ruwa ba, abu kaɗan ke ruɗa shi. Ruwa ya shiga gilashi, sai ya fizge shi. Ya ƙware kaɗan, sai ya tofar da abin shaƙa daga baki ya nufi sama da gudu. Wannan gudun kuwa, kamar yadda za mu gani, shi ne mafi muni.

Ƙungiyar DAN, mai kula da lafiyar masu nutso tun 1980, ta bi diddigin mace-mace 947 da suka auku tsakanin 1992 da 2003. Cikin waɗanda aka gano mafarin haɗarin, ƙarewar iska ce kan gaba da kusan kashi 41 cikin 100, sai maƙalewa a wani abu, sai matsalar kaya. Ƙarewar iska ba lalle ta zama ajali ba: akwai abokin tafiya mai abin shaƙa na biyu, akwai hanyar hawa da ake koyarwa. Amma duk waɗannan na mai natsuwa ne. Masu bincike sun sha tarar da mamaci da dalmarsa ɗaure a ƙugu, alhali da ya kwance ta da ya taso. Firgita ce ta mantar da shi.

Gwanin kogi, ga naka gargaɗin

Yanzu mu juyo ga wanda ya tashi a bakin kogin Isa, ko tafkin Madarumfa, ko na Tabalak, ko Gidimuni, ya iya nutso tun yana yaro. Jarrabawar mita 200 ba za ta ba shi wuya ba, kuma sabonsa da ruwa babban jari ne. Amma akwai ɗabi'a ɗaya da ta shiga jininsa, wadda ta tsare shi shekara da shekaru, wadda kuma da tukunyar iska ita ce za ta iya kashe shi: riƙe numfashi.

Ga dalili. Ruwa na da nauyi. A saman teku matsin iska a jikinmu ma'auni ɗaya ne, ana kiransa bar 1. Duk mita 10 da ka sauka, ana ƙara bar 1. Wato a mita 10 bar 2, a mita 20 bar 3, a mita 30 bar 4. Iska kuma matsuwa take yi: a bar 2 girmanta ya koma rabi, a bar 3 ya koma sulusi. In matsin ya ragu, sai ta kumbura ta koma yadda take. Wani masani ɗan Ailan, Robert Boyle, ya bayyana wannan ƙa'ida tun 1662.

Masunci da ya shaƙi iska a sama ya nutsa, iskar huhunsa matsewa take yi yana sauka, ta dawo daidai girmanta yana hawa. Ba abin da ya ƙaru. Shi kuwa mai tukunya, a can ƙasa yake cika huhunsa da iskar da ke matse. A ce huhun ya ɗauki lita 6 a zurfin mita 10. In ya riƙe numfashi ya hau sama, lita 6 ɗin nan za su nemi zama lita 12. Huhu ba balan-balan ba ne, yagewa yake yi. Kumfar iska na iya shiga jini ta tafi ƙwaƙwalwa, mutum ya suma ko ya shanye cikin mintuna kaɗan. Kuma ba sai an je zurfi ba: hawan da bai kai mita 2 ba da huhu cike na iya yin ɓarna, ko a cikin pisin ne.

Shi ya sa dokar farko a kowace makarantar nutso ita ce: ka riƙa numfashi kullum, kada ka taɓa riƙe shi. Ko abin shaƙa ya fita daga baki, ana koya maka ka riƙa fitar da ƙananan kumfa har ka mayar da shi. Ba banza ake cewa ruwa kan ci gwani ba.

Akwai kuma bambancin ruwan kansa. Ruwan gishiri ya fi na kogi nauyi, ya fi tasar da mutum, don haka lissafin dalma ba ɗaya ba ne. Tekun da ke gaban Kwatano da Lome da Akara an san shi da raƙuman ruwa masu ƙarfi da igiyar da ke jan mutum daga gaɓa zuwa ciki. In ta kama ka, kada ka yi kokawa da ita kai tsaye. Ka yi iyo a kaikaice, ka bi tsawon gaɓa har ka fita daga bakinta, sannan ka nufi tudu.

Yadda karatun yake

Karatun takardar farko kan ɗauki kwana 3 zuwa 4 in a jere aka yi, kuma kashi uku ne. Akwai karatun littafi ko na intanet, da jarrabawa a ƙarshe. Akwai darasi 5 a pisin ko ruwa mai kwanciya marar zurfi. Sai nutso 4 a buɗaɗɗen ruwa tare da malami: biyun farko ba sa wuce mita 12, biyun ƙarshe ba sa wuce mita 18.

A cikin darussan za a sa ka cika gilashinka da ruwa da gangan, ka fitar da ruwan da hucin hanci. Za a sa ka cire shi gaba ɗaya ka mayar. Za ka cire abin shaƙa ka lalubo shi. Za ka yi alamar iska ta ƙare, ka karɓi na biyun abokinka. Za ka hura riga da baki, ka kwance dalma a saman ruwa, ka ja abokin da ya gaji, ka warware jijiyar ƙafa in ta ɗaure. Za ka koyi maganar hannu, tunda ba a magana a ƙasa. Ku lura da wannan: ɗaga babban yatsa ba ya nufin lafiya lau, yana nufin mu hau sama. Alamar lafiya ita ce haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe.

Za a kuma koya maka daidaita kunne. Tun daga mita na farko matsin ruwa ke danna dodon kunne. Sai ka toshe hanci ka hura a hankali, tun kafin zafi ya zo, kuma a kai a kai. In ya ƙi, ka ɗan hau sama ka sake. Wanda ya danne zafin ya ci gaba da sauka, dodon kunnensa na iya fashewa. Mai mura ba ya nutso, don hanyar iskar a toshe take.

Wani abin da ke rikita mutane shi ne nutson ɗanɗano da ake tallatawa a bakin teku. Masu Faransanci na ce masa batem. Kada sunan ya ruɗe ku, shiga ta farko kawai suke nufi. Malami ne ke riƙe da kai, a tsarin Faransa ba a wuce mita 6, a na PADI ba a wuce mita 12, kuma galibi ba a yin jarrabawar mita 200. Wannan ba takarda ba ce. Wanda ya yi shi sau ɗaya bai zama mai nutso ba, kamar yadda wanda aka ɗora bisa doki aka ja masa linzami bai zama mahayi ba.

Lafiyar jiki: a faɗi gaskiya

Kafin a shiga ruwa ana ba ɗalibi takardar tambayoyin lafiya. In ya amsa e a wasu, sai likita ya duba shi ya sa hannu. A tsarin Faransa ma takardar likita ake nema tun farko. Cututtukan da ake tambaya sun haɗa da ciwon zuciya, hawan jini, fuka, farfaɗiya, ciwon suga, ciwon huhu, ciwon kunne, da duk abin da ke sa mutum suma. Mace mai juna biyu ba ta nutso.

Akwai guda ɗaya da ta shafe mu sosai a wannan yanki namu: amosanin jini, wato sikila. Sanyi, gajiya, ƙarancin ruwa a jiki da ƙarancin oksijin duk suna tayar da ciwon, nutso kuwa na iya haɗa su a lokaci guda. Likitocin nutso na hana mai sikila shiga wannan harka. Wanda bai san jininsa ba ya yi gwaji, wanda kuma aka ce yana ɗauke da ita ba tare da tana kwantar da shi ba, ya faɗa wa likita ya ji shawararsa.

Kada kunya ko tsoron asarar kuɗin rajista su sa mutum ya rubuta a'a inda amsar e ce. Wanda ya suma a tudu ana yayyafa masa ruwa ya farfaɗo. Wanda ya suma a mita 15, labarin daban ne.

Ƙa'idodin da ba a karyawa

Ba a nutso shi kaɗai. Kowa da abokinsa, ku duba kayan juna kafin ku shiga, ku kasance kusa da juna a ƙasa.

A riƙa duba agogon iska. Ga lissafi mai sauƙi: tukunya mai lita 12 da aka matsa zuwa bar 200 na ɗauke da lita 2,400 na iska. Ana barin bar 50 a ajiye, wato lita 600, saura 1,800. Mutumin da ke shan lita 20 a minti a sama, a mita 10 lita 40 zai sha, iskar ta kai shi minti 45. A mita 20 lita 60 zai sha, minti 30 kenan. In ya firgita ko yana kokawa da igiyar ruwa, sai lissafin ya ragu sosai. Nan ma kun ga amfanin iya ruwa: mai natsuwa iskarsa ta fi daɗewa.

A hau a hankali. Kada a wuce mita 18 a minti ɗaya, agogunan zamani da yawa ma mita 9 ko 10 suke yarda da shi. A tsaya minti 3 a zurfin mita 5 kafin a fito. Dalili shi ne naitirojin da ke narkewa cikin jini saboda matsi. In aka hau da sauri, sai ya yi kumfa a jiki kamar kwalbar lemon da aka girgiza aka buɗe. Wannan shi ke kawo ciwon gaɓoɓi, kasala, jiri, ƙaiƙayi, mutuwar jiki, har da shanyewa.

Kada a hau jirgin sama da wuri. Bayan nutso ɗaya a jira aƙalla awa 12, bayan nutso da yawa ko na kwanaki a jere aƙalla awa 18. Masu shirin dawowa gida hutu, kada ku bar nutso sai ranar tashi.

A kula da sanyi da ƙishirwa. Ruwa na janye zafin jiki fiye da iska sau 20 ko fiye, don haka ko a teku mai ɗumi ana sa rigar roba. A sha ruwa sosai, a nisanci duk abin da ke gusar da hankali.

Kada a cika tukunya da injin mai facin taya ko na fenti. Iskarsa na ɗauke da mai da hayaƙi, hayaƙin inji kuwa na da gubar da ba ta da wari, wadda ke sumar da mutum a ƙasa ba tare da ya ankara ba.

In abu ya faru

Wanda ya fito daga nutso ya fara jin ciwon ƙirji, wahalar numfashi, jiri, ruɗewa, mutuwar hannu ko ƙafa, ko tari da jini, a ɗauke shi a matsayin mai haɗarin nutso ko da alamar ta zo bayan awoyi. A kwantar da shi, a ba shi oksijin tsantsa in akwai, a kira masu agaji, a kai shi asibiti, a kuma faɗa wa likita zurfin da ya je da lokacin da ya ɗauka. Kada a mayar da shi ruwa da sunan magani. Maganin na wani ɗaki ne na musamman da ake ƙara matsin iska a ciki, kuma ba kowane gari ke da shi ba. Shi ya sa yana da kyau ka tambayi makaranta tun farko: kuna da oksijin a jirgi? Ina ne ɗakin matsi mafi kusa? Wanda ya kasa amsa waɗannan biyun, ka nemi wani.

Takardar farko ba ta aiki ba ce

Wannan na ƴan ci-ranin da ke neman abin yi a tashoshin jiragen ruwa ne. Takardar mita 18 ta nishaɗi ce. Kankare ƙasan jirgi, walda a ƙarƙashin ruwa, aikin madatsa, ciro kaya ko gawa, duk sana'a ce daban mai horo na makonni ko watanni, da kaya daban, da ma'aikata a sama masu lura da kai. A irin wannan aiki ruwa duhu ne, ga igiyoyi da raga da farfela. In wani ya miƙa maka tukunya ya ce ai ka iya ruwa, shiga ka duba mana, ka sani ranka ya sa a ciniki. Iyaye da ke gida, in ɗanku ya kira ya ce ya samu aikin nutso, ku tambaye shi wace makaranta ta koya masa, wace takarda ke hannunsa.

Wanda bai iya ba, daga ina zai fara?

Rashin iya ruwa ba abin kunya ba ne, kuma babba ma na koya. A fara da malami a ruwan da bai wuce ƙirji ba. A koyi sa fuska cikin ruwa ana fitar da iska ta hanci. A koyi kwanciya rigingine, kunnuwa cikin ruwa, ciki sama, jiki a sake, domin wannan kaɗai na iya cin jarrabawar minti 10. Sannan a riƙa ƙara nisa: mita 25, 50, 100, har 200. In ka kai 200 kana iya magana ba haki, ka shirya. In da ƙyar ka kai, ka ƙara makonni, teku ba gudu zai yi ba.

Kada a yi gwaji shi kaɗai, kada kuma a yi a gulbin da ya kawo ruwa da damina ko ramin da aka ɗebi ƙasar gini, don gindinsu ba tabbas. A tuna ruwan tafki da na fadama na iya ɗauke da tsargiya, mai sa fitsarin jini. Wanda ya ga alama ya je likita, akwai magani.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa, kuma in aka kwatanta da yawan jama'a, yankin Afirka ne kan gaba. Tun 2021 Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 25 ga Yuli ta zama ranar yaƙi da nutsewa. Don haka ko ɗanka ba zai taɓa ganin teku ba, iyon mita 200 da kwanciyar minti 10 a saman ruwa abu ne da ya kamata ya iya, domin tafkin bayan gari ma ruwa ne.

Ku isar da wannan bayani ga ƴan uwan da ke bakin teku. Wanda bai iya ba ya koya tukuna, wanda ya iya kuma ya zauna gaban malami ya koyi sakin numfashi. Allah ya kiyaye mu baki ɗaya.